Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo: Tarihin Lam Ɗin Baya na Tsofaffin Kat-Kat

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar mota ranar kasuwa, a Tasawa ne ko Abalak ko Tanut, ya san wannan hoto: tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ta sha buhuna da jarkoki, mutane sun ɗare bisa kaya, hancinta na kallon sama, gindinta ya kusa shafar ƙasa. In ka tambayi direba sai ya ce maka: "Lam ne ya kwanta." Lam, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sifirin, shi ne fallayen ƙarfen nan masu lanƙwasa kamar baka, da ake jerawa wani bisa wani, a ɗaure su tsakanin shasin mota da pon, wato ƙarfen da tayoyin baya ke maƙale da shi. Shi ke ɗauke da nauyi, shi ke shanye gargada.

Mu ɗalibai mun saba neman tarihi a fadar sarakuna da fagen yaƙi. To, wannan ƙarfe mai tsatsa shi ma yana da nasa tarihin, kuma in ka bi shi za ka ga yadda aka yi maƙerin gargajiya ya zama makanike, da dalilin da ya sa abin da Turai ta yar tuntuni yake ɗauke da mu har yau.

Daga keken doki zuwa mota

Lam ya girmi mota. Masu kuɗin Turai na da, kekunan dokinsu a rataye suke da igiyoyin fata masu kauri don rage girgiza. A shekarar 1804 wani maƙerin kekuna a birnin Landan, mai suna Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabarar ɗora keken kai tsaye bisa fallayen ƙarfe masu lanƙwasa. Keke ya yi sauƙin nauyi, ya ƙara gudu, kafin a jima dabarar ta bazu. Da jirgin ƙasa ya zo ya are ta, da mota ta zo ita ma ta gāje ta. Ford T, motar da aka fara sayarwa a 1908 kuma ta shiga hannun talakan Amurka, lam biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, an gitta su a faɗin motar.

Me ya sa masu ƙera mota suka so shi? Saboda ƙarfe guda yana aiki uku. Yana ɗaukar nauyi. Yana riƙe pon a wurinsa, kada ya zame gaba ko baya. Sannan gogayyar da fallaye ke yi da juna tana rage tsalle. Babban falle na sama, wanda makanikanmu ke kira metires, shi ke da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a kafe yake jikin shasi, na baya kuwa yana rataye da ƴan ƙarafa biyu masu lilo, jumel, domin lam yana ƙara tsawo duk lokacin da ya miƙe. Wani bulo na tsakiya ya soke fallayen duka, sai birid, ƙarafan nan masu kamar ƙahon sa, su matse su jikin pon. Ke nan fa. Ba wayar lantarki, ba famfo, ba abin da yaro mai lura ba zai gane ba cikin yini guda.

Yadda mota ta shigo mana

A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën, motoci takwas masu sarƙa a baya maimakon taya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka ƙetaro hamada daga Aljeriya, suka bi ta Yamai, Tasawa da Damagaram, suka nufi tafkin Cadi. A lokacin Damagaram ce babban birni; sai 1926 aka mayar da shi Yamai. Tafiyar talla ce ta kamfani da ta mulkin mallaka, amma ta nuna abin da ke tafe. Ƙasarmu ba ta samu jirgin ƙasa mai jigilar kaya ba, don haka duk abin da raƙumi da jaki suka sauke, mota ce ta ɗauka: gyaɗar Maraɗi da Damagaram zuwa tashar jirgin Kano, gishiri, gero, fatu, daga baya yuraniyom. A ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kamfanin Berliet ya ratsa Tenere da manyan kamiyo masu taya shida, don ya nuna cewa motar kaya na iya bin inda ayarin gishiri ke bi.

Ƙananan kat-kat kuwa ƴaƴan yaƙin duniya na biyu ne. Jeep ta sojojin Amurka, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941, lam ne gare ta a tayoyi huɗu. Daga gare ta Maurice Wilks na kamfanin Rover a Ingila ya samo shawarar Land Rover, da aka fara nunawa a birnin Amsterdam a 1948, da gangar jikin alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi. A Japan ma Toyota ta fitar da tata a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Jerin 40, mai zagayayyun fitilu da manyanmu ke tunawa, ya fito a 1960 kuma an yi ta ƙera shi har 1984. Hilux ta fito a 1968, mai jan taya huɗu ta biyo a 1979.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Land Rover ce motar kumandan, ta jandarma, ta likitan dabbobi, ta masu rigakafi. A fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, irin waɗannan motoci ne suka kai agaji inda kwalta ba ta kai ba. Sannu a hankali Toyota ta ture Land Rover, har ta kai a daji in an ce mota, ita ake nufi. Ita kuma Peugeot bashe, 404 da 504, duk da ba kat-kat ba ce, ita ce jakar ƴan kasuwar ƙauye, kuma ita ma lam ne a bayanta. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta sa kayan gyaranta suka wadata har wannan ɓangaren iyaka.

Turai ta juya baya, mu muka riƙe

A 1970 aka fito da Range Rover, wadda aka cire wa lam aka sa mata murɗaɗɗen ƙarfe mai kamar dodon koɗi. Ta fi laushin tafiya, tayoyinta sun fi bin tudu da kwari. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya bar Paris ranar 26 ga Disamba 1978 ya biyo ta Arlit, Agadas da Yamai, Range Rover ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren motoci. A 1983 Land Rover 110 ta bi sahu, a 1985 aka daina ƙera Series III mai lam. Toyota ma ta mayar da Land Cruiser ta manya, jerin 80, bisa murɗaɗɗen ƙarfe a 1990.

Amma ku lura da abu ɗaya. Land Cruiser jerin 70, motar aiki da ta fito a 1984, da aka yi mata garambawul a 1999 gaba kawai aka canza. Baya aka bar shi da lam, kuma har gobe haka sabuwa ke fitowa daga kamfani. Hilux ma haka. Injiniyoyin Japan sun san inda motocinsu ke zuwa: ma'adinan Ostireliya, dazukan Afirka, hamadar Larabawa. Wurin lodi lam ya fi, domin yana raba nauyin a wurare biyu na shasi, kuma ana iya jera shi yadda ƙananan fallaye masu kauri na ƙasa ba sa shiga aiki sai kaya sun yi nauyi. Wani abu kuma, murɗaɗɗen ƙarfe in ya karye, ya karye ke nan, sai sabo. Lam kuwa in falle ɗaya ya tsinke, sauran na riƙe motar har ta kai gari. Direbobin Agadas zuwa Dirku sun san a ɗaure shi da igiya da tsohon tiyub, a cusa guntun itace, a lallaɓa. A wurin da rijiya ta gaba ke nesa da kai tafiyar yini, wannan bambanci maganar rai ce.

Maƙeri ya shiga gareji

Kafin Turawa, maƙeranmu da kansu suke narka tama su fitar da ƙarfe. A ƙasar Adar wannan sana'a ta yi ƙarfi sosai. Wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Échard, ta zauna da maƙeran yankin a shekarun 1960 lokacin da narkar tama ke gab da ɓacewa. Abin da ya kashe ta shi ne arhar ƙarfen waje da tarkacen motoci. Wa zai kwana yana zuga wuta a kan tama alhali ga mataccen kamiyo a bakin hanya? Cikin tarkacen nan kuwa ba abin da maƙeri ya fi ƙauna kamar lam, domin ƙarfe ne mai kyau da ke karɓar ruwa, yana yin kaifi, ba ya saurin dakushewa. Gatari, adda, gizago, wuƙar mahauta, har takobi, da yawansu tsohon lam ne. Je ka kasuwar Katako a Yamai ka ga yadda ake cinikinsa.

To da yake maƙeri ya riga ya san halin wannan ƙarfe, shi aka fara kai wa lam in ya kwanta. Haka aka samu masu sana'ar lam zalla a gefen tashoshi da garejoji, da uwar maƙera ko guntun ƙarfen titin jirgi, da guduma mai nauyi, da yara masu riƙe falle.

Abubuwa biyu suka ƙara wa sana'ar kasuwa. Na farko, yawancin motocinmu da tsufansu suke zuwa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan koro tsofaffin Peugeot ta Tamanrasset da Asamaka su sayar a Arlit, Agadas ko Yamai. Da rikicin Aljeriya da tawayen arewa suka rufe hanyar a farkon shekarun 1990, sai tashar ruwan Kwatano ta karɓi cinikin. Ga kuma motocin purojé da na gwamnati da ake gwanjonsu bayan sun gaji. Na biyu, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya duk kayan gyaran da ke zuwa daga waje kuɗinsu ya ninka. Mai mota da ke iya sayen sabon lam jiya, yau sai ya nufi wurin mai guduma.

Me ke kwantar da lam?

Ƙarfen lam yana da iyaka. In ka lanƙwasa shi ƙasa da iyakar nan, zai koma yadda yake. In ka wuce ta, ko sau ɗaya ne, wani abu daga bakansa ya tafi ke nan. Motar da aka ƙera don kayan da ba su wuce tan ɗaya ba, a ɗora mata biyu, ta faɗa rami da gudu, to an wuce iyaka. Bayan wannan akwai gajiya: hanyar laterit mai gargada tana lanƙwasa falle sau dubbai cikin awa guda, ƴan tsage-tsage da ido ba ya gani su fara, galibi kusa da ramin bulon tsakiya ko gindin ido. Rairayi na shiga tsakanin fallaye yana cinsu kamar sanfefa, ruwan damina ya kawo tsatsa, falle ya sirance.

Kwantaccen lam ba munin gani kaɗai ba ne. In baya ya zauna, gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa. Fitilu su daina haska hanya su koma makantar da mai tahowa. Pon ya riƙa dukan robar shasi a kowane rami, har shasin ya tsage. In gefe ɗaya ya fi kwanciya, mota mai dogon lodi ta karkata, kuma a kwana nan ake kifewa. Akwai ma wani abin da direbobi da yawa ba su sani ba: tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a baya, haɗe da pon, da ke auna zaman motar ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in ta yi nauyi. In lam ya kwanta, bawul ɗin na ɗauka kullum mota cike take, sai tayoyin baya su riƙa kullewa ko ba kaya.

Dabarun gyara, da iyakar kowace

Gwanin makanike ba ya fara da guduma. Yakan sauke kaya, ya tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin gangar jiki, hagu da dama. Ya duba robobin idon lam, silanbulok, domin wani lokaci su ne suka mutu, lam lafiyarsa lau. Ya duba jumel: in ya kwanta baya sosai, lam ya miƙe. Ya duba ko bulon tsakiya ya tsinke. Amortisar kuwa ba ta ɗaukar nauyi, don haka canza ta ba ya ɗaga mota, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Dabara mafi tsufa ita ce duka a sanyi. A kwance lam falle-falle, a zana bakan da ake so da alli a ƙasa, a ɗora falle bisa ƙarfe mai rami a tsakiya, a bi shi da guduma taki-taki har ya hau zanen. Tana da arha, mota na tashi nan take. Sai dai ƙarfen da ya gaji duka ba ya mayar masa da ƙuruciya. In lodi bai canza ba, zai sake kwanciya, kuma kowane tabon guduma na iya zama mafarin tsagewa.

Ta biyu ita ce wuta, kuma a nan ake gane maƙerin ƙwarai. A masana'anta, ana gasa falle har wajen digiri 850, a lanƙwasa shi, a tsoma cikin mai, sannan a sake ɗumama shi tsakanin digiri 400 da 500 don ya rage gautsi. Mataki biyu ne, kuma falle duka ake yi wa. Wanda ya hura wa wuri ɗaya wutar walda har ya yi ja, ya lanƙwasa, ya bar shi ya huce, ya kashe ƙarfen: wurin ya yi laushi. Wanda ya tsoma jan falle a ruwa ya tsaya nan, ya mayar da shi kamar kwalba. Shi ya sa tsofaffin masu sana'a ke kallon launin ƙarfe a inuwa, suke amfani da baƙin mai, ba sa gaggawa. Walda a jikin falle kuwa ba gyara ba ce ko kaɗan. Gefen ɗinkin zai karye, kuma ba ya sallama kafin ya karye.

Ta uku, wadda ta fi yawa a tashoshinmu, ita ce ƙarin falle. A samo ɗaya ko biyu daga wata mota mai faɗin lam iri ɗaya, a yanka daidai, a sa ƙarƙashin metires. Dogon falle ya fi gajere, domin gajere yana tara wahala a wuri guda. Dole a sa sabon bulon tsakiya mai tsawo, da sabbin birid, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. Wannan na ɗaga mota da gaske. Amma in an yi yawa, motar ta sandare, girgizar da lam ya ƙi sha ta koma kan shasi da fasinja. Kuma ga inda yaudarar take: ƙarin falle bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba, bai ƙara wa pon ba. Ya dai ɓoye alamar da ke cewa kaya sun yi yawa.

Akwai kuma gyaran ganin ido: a sa dogon jumel, ko a cusa guntun ƙarfe tsakanin lam da pon a motocin da lam ɗinsu ke bisa pon, kamar Hilux. Mota ta tashi, mataccen lam na nan yadda yake. Mai son sayar da mota ya fi kowa son wannan. In za ku raka wani sayen tsohuwar kat-kat, ku durƙusa ku leƙa.

Magani na gaskiya, in fallaye sun sirance ko sun tsage, shi ne sabon lam, hagu da dama tare. Kowace hanya aka bi, ƙa'idoji kaɗan ba sa canzawa: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare shasi, a matse fallaye da maɗauri kafin a kwance bulon tsakiya, don suna iya fallewa su fasa fuska, ba a ƙarasa ɗaure bulolin jumel sai mota ta sauka kan tayoyinta, a sake matse birid bayan tafiyar farko.

Zinariya, da abin da ya rage mana

A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, samari daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da ƙasashen maƙwabta suka kwarara arewa. Kowa a bayan kat-kat ya tafi, bisa jarkokin ruwa da na mai, haka ma masu nufin Libiya. Lam bai taɓa shan wahala irin ta wannan zamani ba, masu gyaransa kuma ba su taɓa samun ciniki irin wannan ba. Da yawanmu muna da wa ko ƙane da ya hau irin motar nan. Ransa ya rataya ne a kan aikin wani mai guduma da bai taɓa gani ba: shin ya ba ƙarfen ruwa yadda ya kamata, ko ya yi walda ya shafa baƙin mai ya rufe?

Wannan ilimi yawancinsa a ka yake, daga maigida zuwa yaronsa, kamar yadda narkar tama take kafin ta ɓace. Ɗalibanmu na makarantun fasaha suna karanta zafin ƙarfe da lissafin nauyi a allo, maƙeri kuma yana karanta su a launin wuta, amma ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba. Kamata ya yi su zauna. Mai lissafi zai iya gaya wa mai guduma inda dabararsa ke ƙarewa, mai guduma ya nuna masa abin da littafi bai faɗa ba, masu karatun tarihi kuma su ɗauki alƙalami su je garejin unguwarsu tun tsofaffin na raye. Sabbin motocin da ke shigowa cike suke da kwamfuta, gyaransu sai da na'ura, sai da kayan waje. Lam na cikin ƴan abubuwan da suka rage a jikin mota da hannun ɗan ƙasa ke iya warkarwa tun daga farko har ƙarshe, kuma kafin hanyoyin karkara su ga kwalta, buhun gero da mai naƙuda da ɗan makaranta duk a kansa za su ci gaba da tafiya.